Rataya Shandaliya da Saka Fitilun Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Ba da Aiki

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sabon gini da masu gyaran gida suka fi yi idan aka zo kan batun fitilu, musamman manyan fitilun adon nan masu rassa da ake ratayawa a tsakiyar falo, waɗanda 'yan kasuwa ke kira shandaliya. Amsoshin sun bi yadda ake gini da wayarin a garuruwanmu: dakin (wato rufin kankare) ko rufin kwano, silin POP, wutar NEPA mai zuwa tana ɗaukewa, ga janareto, ga kuma sola.

Fitila ce fa kawai. Dole sai na kira mai wayarin?

In ƙwai ne ya mutu, kashe makunni ka canza abinka. Amma da zarar aiki ya kai ga kwance waya ko rataya abu mai nauyi a saman kan mutane, to ya wuce na maigida da sukundireba. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma tana kisa. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne gida ɗaya yanzu kan sha wuta ta hanya uku. Mutum ya leƙa ya ga unguwa duhu, ya ce ai an ɗauke, ya hau tsani, ashe inbata na ba layin fitilu wuta daga batir. Ko kuma yana tsaka da aiki a dawo da ita ba sallama. Wanda ya san aikin ba ya dogara da duhun unguwa. Sai ya kashe daga akwatin rarraba wuta, wato DB, ya kashe inbata, sannan ya sa tasta a kan wayar da zai taɓa.

Yaushe ya kamata in kira shi?

Tun kafin mai POP ya fara. In ma gidan mai dakin ne, tun kafin a zuba kankare. Yawancin rigingimun da ake yi kan shandaliya daga nan suke tasowa: an gama silin, an yi fenti, an shimfiɗa tayil, ana saura kwana kaɗan a kawo amarya, sai a tuna da fitila. A lokacin ba abin da ya rage sai fasa aikin da aka riga aka biya, ko kuma a yi dabara, dabarar kuwa ita ce matsalar.

Ka haɗa su biyun a wurin aiki rana ɗaya, mai wayarin da mai POP, ku tsaya a tsakiyar falon a nuna da yatsa: nan shandaliya, nan fanka, nan ƙananan fitilun cikin silin, nan za a bar ƙofar leƙawa. In ka riga ka zaɓi fitilar, ka nuna musu hotonta da nauyin da aka rubuta a kwali.

Silin POP zai iya ɗaukar nauyin shandaliya?

A'a. Wannan ita ce amsar da ya kamata kowa ya riƙe ko da ya manta da sauran.

POP farar ƙasa ce da zare, ita kanta a rataye take da katako ko waya. An yi ta don ta rufe sama ta yi kyau, ba don ta riƙe kaya ba. Za ta iya ɗaukar ƙananan fitilun nan marasa nauyi da ake nutsawa a cikinta. Amma fitilar kilo goma ko ashirin, in aka ɗaure ta da sukuru a jikin POP, za ta zauna lafiya lau ranar da aka saka, har a ɗauki hoto. Sai a hankali: zafin bazara ya busar, damina ta kawo danshi, fanka na girgiza sama kullum. Wata rana a ga siririn tsagu ya zagaye gindin fitilar. Wannan tsagun gargaɗi ne, ba batun fenti ba ne. Haka silin roba da silin kwali, babu mai ɗaukar nauyi a cikinsu.

Nauyin dole ya wuce silin ya kai ga ginin kansa. In dakin ne, mafi kyau shi ne ƙugiyar rodi da aka lanƙwasa aka ɗaure a jikin rodin dakin kafin a zuba kankare, irin wadda ake yi wa fanka. In an riga an zuba, sai a huda kankaren a sa ƙusar ƙarfe mai buɗewa a ciki, guda biyu ko fiye ga fitila mai nauyi. Fishar roba da ake kafa labule da ita ba ta wannan aikin. In kuma rufin kwano ne, sai a gitta katako mai ƙwari a kan manyan katakan rufi guda biyu, a ɗaure da noti, sannan a sauko da sarƙa ko rodi. A duba katakon da kyau, a shafa masa maganin gara, don katakon da gara ta ci daga waje lafiya yake.

Wayar wuta kuma ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan. Ita tata wuta ce kawai. Sarƙa ko igiyar ƙarfe ce ke riƙe fitila, wayar ta bi ta jikinta a sake.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: kafin a rataya fitilar, a cika jarka mai lita 25 da ruwa, nauyinta ya kai kilo 25 ke nan, a rataye ta a ƙugiyar a bar ta ta kwana, a hana yara shiga ɗakin. In fitilar ta fi haka nauyi a ƙara jarka. Ma'aikacin da ya yarda da aikinsa ba zai yi gardama da wannan ba. A Amurka ma, ƙa'idar wayarin ɗinsu ta ce fitilar da ta haura kimanin kilo 23 sai an yi mata mariƙi na musamman, ba a barin ta a kan akwatin waya na yau da kullum.

Ta yaya zan gane ƙwararre daga ɗan koyo?

Akwai takarda, akwai kuma aiki, duka biyun a duba. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke tantance masu aikin wayarin ta ba su shaidar ƙwarewa. Akwai kuma ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki masu lasisi, LECAN. Ga babban aiki, kamar wayarin ɗin gida sukutum ko masallaci ko ɗakin taro, neman shaidar NEMSA ba tsaurin ido ba ne. Gaskiya dai da yawa daga cikin masu hannu mai kyau a unguwanni a wurin oga suka koya, shekara da shekaru suna riƙe tsani, ba su da kwali ko ɗaya. Irin waɗannan aikinsu ne shaidarsu. Ka nemi ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu ko uku da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Hoton waya ba hujja ba ne, kowa na iya saukewa daga Instagram.

Sannan ka saurari tambayoyinsa. Ƙwararre kafin ya faɗi kuɗi zai ce, "Alhaji, kilo nawa ce? Me ke saman silin ɗin, dakin ko katako? Akwai inbata?" Zai nemi ya leƙa sama, ya buɗe DB. Wanda ya kalli hoto kawai ya ce, "Ba matsala, ranka ya daɗe, yanzu-yanzu za a gama," shi ne ya fi ba ni tsoro. Ka leƙa jakarsa ma. In ba shi da na'urar auna wuta, daga filaya sai tasta sai salatif, to da ido da sa'a yake aiki.

Mai shagon da na sayi fitilar ya ce zai haɗa ni da yaronsa. In yarda?

Yana da amfani ta fuska ɗaya. Yaran shago sun saba da haɗa fitilar, sun san wane dutse ke bin wane a cikin duwatsun adon da ake jera mata, kuma in wani abu ya fashe ko bai cika ba, shagon ba zai ce laifin ma'aikacinka ne ba. Sai dai iya jera duwatsu daban, sanin wayarin daban. Sau da yawa abin da ya fi shi ne mai wayarin ɗinka ya yi ƙugiya da waya, yaron shago ya zo ya haɗa fitilar, su rataya tare. Ko ma wa zai saka, a buɗe kwalin tun a shago, a ƙirga kayan, a jona ta a ga ta kama. Ka roƙi 'yan duwatsu na ƙari, don in ɗaya ya fashe bayan shekara da wuya ka sami irinsa.

In ba mai wayarin jinga da kaya gaba ɗaya, ko ni in sayo kayan?

Kowanne da inda yake ciwo. In ka ba shi kuɗi dunƙule, ribarsa tana cikin abin da ya rage, waya kuwa ita ce wurin da ya fi sauƙin ragewa, tunda tana shiga bututu ba mai sake ganinta. In kai ka shiga kasuwa kai kaɗai ba ka san kaya ba, a sayar maka da jabu da kuɗin mai kyau. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ya rubuta jerin kaya da adadi da kaurin kowace waya, ku tafi tare, ka biya da hannunka ka karɓi rasit. Kuɗin aikinsa daban. In mai shago ya ba shi la'ada, wannan tsakaninsu ne, muddin kayan da aka rubuta su aka ɗauko.

Layin fitilu waya mai kauri 1.5 ake sa masa, soket 2.5, manyan kaya irin su na'urar sanyaya ɗaki da hita su fi haka. Wayoyin da ake yi a gida Najeriya, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, suna da suna mai kyau a wurin ma'aikata, shi ya sa ma masu jabu ke kwaikwayon tambarinsu. A nemi alamar SON, hukumar kula da ingancin kaya, a kuma saya a wurin dila sananne. Algus ɗin da aka fi yi iri uku ne: a rage kaurin jan ƙarfen a ƙara kaurin roba, ko a rage tsawon naɗin, ko a yi wayar da alminiyom a shafa mata jan ƙarfe a sama. Ta ukun tana da sauƙin kamawa. Fere bakin wayar, ka kankare ta da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, ajiye musu abarsu.

Dalilin nacewa a kan wannan shi ne wurin da wayar za ta zauna. Tsakanin kwano da silin a watan Afrilu wuri ne mai tsananin zafi, ga busasshen katako, ga ɓeraye. Siririyar waya tana ɗumi da kanta in ta ɗauki kaya. In aka haɗa da mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, wanda zafi ke sa ya saki, to an tara duk abin da gobara ke bukata. Ka sa a cikin sharaɗi cewa kowace waya ta bi bututu, kowace mahaɗa ta zauna a cikin akwati da abin ɗaurewa mai sukuru.

Nawa ne kuɗin aikin?

Farashi na tafiya da nauyin fitilar, da tsayin wurin, da ko akwai ƙugiya da waya a shirye ko sai an fasa, da kuma yawan duwatsun da za a jera ɗaya bayan ɗaya. Fitilar da ake fitarwa daga kwali a haɗe aikin awa ɗaya ce. Doguwar nan da ke saukowa ta tsakiyar matakalar bene na iya cin yini biyu da mutum uku, ga hayar gadon ƙarfen da za a hau. Ka ji ta bakin mutum biyu ko uku. In ɗaya ya faɗo ƙasa sosai, tambaye shi me ya cire.

A rubuta yarjejeniya ko da a saƙon WhatsApp ne: wurare nawa, wa zai gyara POP da fenti in an fasa, wa zai biya in an fasa fitila, yaushe za a gama. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Cikon kuma sai an gwada komai da daddare.

Wace girma ta dace da falona, kuma a wane tsayi?

Masu adon gida suna da wani lissafi mai sauƙi. Haɗa tsawon ɗaki da faɗinsa a ƙafa, abin da ya bayar shi ne faɗin fitilar a inci. Falo mai ƙafa 14 da 18 ya ba da 32, wato fitila mai faɗin inci 32, kusan santimita 80. Ba doka ba ce, amma tana hana mutum sayo abin da zai cinye ɗakin.

Tsayi ya fi muhimmanci. Daga ƙasa zuwa ƙarshen fitilar kada ya gaza ƙafa 7 a duk inda ake wucewa, ni ma na fi son a ƙara, don mai dogon tsayi da hula ko mai ɗaga hannu yana gyara babbar riga. Yawancin gidajenmu in POP ya ci nasa, abin da ke saura bai fi ƙafa tara zuwa goma ba. Ke nan fitilar da ta kai ƙafa uku a tsaye ta yi wa irin wannan ɗakin yawa, gara mai faɗi wadda ke manne da silin. A saman teburin cin abinci kuwa ana iya sauko da ita, a bar santimita 75 zuwa 90 tsakaninta da teburin. A shago komai na yin ƙarami saboda rufinsu da tsayi, don haka ka je da awonka a rubuce.

Fanka fa? A tsakiya take.

Kada a haɗa su a ƙugiya ɗaya, kada kuma a sa su dab da juna. Iskar fanka na kaɗa duwatsu su yi ta ƙara, tana sassauta sukurori, in kuma haske ya bi ta bayan fukafukai sai ɗakin ya riƙa walƙiya har kai ya yi ciwo. A dogon falo a sa fitila a tsakiya, fanka biyu a gefe da gefe. A ƙaramin ɗaki sai a zaɓi ɗaya, kuma a garin da ake zafin Sakkwato ko Maiduguri na san wadda za a zaɓa. Akwai masu haɗe da fanka da fitila a jiki ɗaya, suna da kyau, amma iskarsu ba ta kai ta fankar gaske.

Wane irin ƙwai zan sa, fari ko ruwan ɗorawa?

A jikin kwalin ƙwai akwai lamba mai harafin K. 2700 zuwa 3000 shi ne mai ruwan ɗorawa, 4000 tsaka-tsaki, 6500 fari tas. Mutanenmu sun fi son farin, wataƙila don jan haske na tuna mana da daren da wuta ta zo ba ƙarfi. Amma fitila mai ruwan gwal da duwatsu ta fi fitowa a haske mai ɗumi, farin kan sa ta yi fayau kamar ɗakin asibiti. A kicin da banɗaki da wurin karatu fari ya fi. Abin da ba ya kyau shi ne a gauraya kala biyu a fitila ɗaya.

A duba mazaunin ƙwan kafin a baro kasuwa. Yawancin shandaliya ƙaramin mai murɗawa suke ci, E14, ba babban E27 ba, ba kuma mai fin da aka saba da shi ba.

Batun cin wuta kuma lissafi ne. Fitila mai rassa 12 da tsofaffin ƙwai masu wat 40 tana jan wat 480. Da ƙwan LED masu wat 4 kuwa wat 48 ne, hasken kusan ɗaya. In ana kunna ta awa biyar kullum, a wata guda mai tsofaffin ƙwai ta ci yunit 72, mai LED 7.2. A farashin naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A na masu biyan kuɗin wuta a watan Afrilun 2024, wannan naira 16,200 ke nan a gefe ɗaya, 1,620 a ɗaya gefen, a kan fitila guda.

Masu rimot ɗin nan da ke canza kala, suna da inganci?

Suna burgewa, kuma sun fi araha. Matsalarsu ita ce ba su da ƙwan da ake cirewa, hasken a manne yake, kuma duka yana rataye ne a kan wani ɗan akwati da ke rage wuta, wanda ma'aikata ke kira cok. Shi ne ke fara mutuwa in wuta ta yi rawa. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana sayar da cok ɗin daban, in akwai ka sayi ɗaya ka ajiye. Ka kuma ce wa mai sakawa ya ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an fasa silin ba. In so kake fitila ta daɗe har 'ya'ya su gada, mai ƙwan da ake canzawa ta fi.

Mai son makunnin rage haske ya tabbata ƙwan da ya saya an rubuta suna karɓar ragewa, in ba haka ba za su yi ta ƙyaftawa suna ƙugi.

Muna da sola da janareto. Akwai abin da zan gaya wa mai wayarin?

Gaya masa tun farko waɗanne fitilu kake so su hau inbata. Dabara mai kyau ita ce a raba falo gida biyu ko uku a makunni: shandaliya daban, ƙananan fitilun silin daban, zaren hasken da ke ɓoye a lungun POP daban. In ana kan batir sai a kunna kaɗan. Wanda ya haɗa fitilu ashirin a makunni ɗaya ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne, ya bar ka da batirin da ba ya kai asuba.

Abin canja layi tsakanin NEPA da janareto dole ya raba su sarai. Janareton da aka jona ta soket yana iya mayar da wuta kan layin waje ya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya. Mita kuma da abin da ke gabanta ba hurumin mai wayarin ɗinka ba ne, na kamfanin rarraba wuta ne, KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, haka sauran. Duk wanda ya ce zai zagaye maka mita a matsayin kyautatawa, laifi yake jawo maka.

Ƙwai na yawan ƙonewa, wani lokaci kuma suna ɗan haske ko an kashe. Me ke jawo haka?

In suna ɗan haske bayan an kashe, sau da yawa makunnin ne aka sa a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, wadda ake kira nutural, wato fitilar a kashe take amma wuta na zaune a jikinta. Wannan kuskure ne mai haɗari ga duk wanda zai canza ƙwai, a gyara shi da wuri. Wani lokaci kuma makunni mai ɗan haske a jiki ne ke jawowa, wannan ba komai.

Yawan ƙonewa kuwa ko ƙwan ne marasa kyau, ko mahaɗa ce ta saki, ko wuta ce ke zuwa da ƙarfi. In wayar nutural ta tsinke a falwaya ko a taransifoma, wutar da ke shiga wasu gidaje na iya haurawa har kusan bolt 400, ta ƙone duk abin da ke kunne. Akwai 'yar na'urar da ake sawa a DB mai yanke wuta in ta haura ko ta faɗi fiye da kima, ta dawo da ita in ta daidaita. Kuɗinta bai kai na shandaliya mai matsakaicin kyau ba.

Mai wayarin ya ce wayar ƙasa ba dole ba ce a layin fitila. Haka ne?

Ga fitilar roba ana iya wucewa. Ga shandaliya mai jikin ƙarfe ba haka ba ne. In waya ta goge a cikin reshe ta taɓa ƙarfen, fitilar gaba ɗaya ta zama mai wuta, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka hau gogewa. Wayar ƙasa, koriya ko koriya da rawaya, ita ke kwashe wannan wutar ta sa abin yanke wuta da ke DB ya faɗi. Amma sai in da gaske tana kaiwa ga sandar jan ƙarfe da aka binne. A gidaje da yawa an ja koriyar waya ta ƙare a DB ba ta je ko'ina ba. Ka ce ya nuna maka inda aka binne sandar. Ka kuma nemi a sa abin yanke wuta mai jin yoyo, RCD mai lamba 30mA, wanda aka yi shi don ceton rai.

An aiko mini da fitila daga waje. Za ta yi aiki a nan?

Ta Ingila da ta Dubai wutarsu ɗaya da tamu. Yawancin na kasuwanninmu ma daga Sin suke, musamman garin Guzhen na lardin Guangdong, ana yin su daidai da wutarmu. Ta Amurka da Kanada kuwa ta bolt 120 ce. In mai ƙwai ce, wani lokaci canza mazaunan ƙwai da duba wayar ya wadatar. In mai cok ce, a karanta abin da aka rubuta a jikinsa: in an sa 100 zuwa 240 ba matsala, in 120 ne kawai, jonawa ɗaya za ta ƙone.

Gidan haya nake.

Nemi izinin mai gida kafin a huda ko'ina, ku kuma yi magana kan ko za ka tafi da fitilar in ka tashi. Ajiye tsohuwar don ka mayar. In babu ƙugiya a sama, zaɓi mara nauyi mai mannewa.

Me zan shirya ranar aiki, kuma me zan duba kafin in biya ciko?

A sanar da matan gida da wuri, a san ɗakunan da za a shiga da lokacin, a kuma sami namiji babba da zai tsaya. A janye kujeru, a naɗe kafet, a shimfiɗa bargo a ƙasa inda za a jera duwatsu. Yara su yi nisa. A cika abin da ake bukata na caji da ruwa don za a kashe wuta. Tsani na gaske ake so, ba tebur da kujera a kai ba.

Kafin a rufe gindin fitilar, hau ka gani da idonka, ko ka ba shi waya ya ɗauko maka hoton ƙugiyar da mahaɗar. Bayan an gama, tsaya daga bakin ƙofa ka duba ko ta miƙe. Kunna kowane makunni, a kan NEPA, a kan janareto, a kan inbata. Bar su a kunne awa guda, sannan ka taɓa makunnan ka ji ko sun yi zafi, ka saurara ko akwai ƙara, ka shinshina ko akwai ƙaurin roba. A rubuta a DB wane abin yankewa ne na wane ɗaki. Ragowar waya da kwalaye naka ne.

Fitilun tsakar gida da na katanga fa?

A nemi masu lamba IP65 ga duk inda ruwan sama ke duka kai tsaye, IP44 ga ƙarƙashin baranda. Wayar ta shigo ta ƙasan fitila, don ruwa kada ya bi ta ya shiga. Farin haske mai ƙarfi ya fi tara ƙwari, duk wanda ya ga daren fitowar shinge ya sani, don haka kada a kafa shi daidai saman ƙofar falo. A matsar da shi gefe, a sa mai ruwan ɗorawa a bakin ƙofa.

Ƙurar hunturu ta dusashe shandaliyar. Yaya ake wankewa?

A kashe daga DB, a bar ƙwai su huce. Ɗauki hotonta ta kowane gefe kafin ka cire komai, don mayarwa ta fi cirewa wuya. Duwatsun gilashi a wanke su a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a shanya a kan tawul. Na roba ba sa son ruwan zafi ko fetur, suna dishewa. Jikin ƙarfen busasshen ƙyalle mai laushi ya ishe shi. Kada a tsaya wuri ɗaya ana juya fitilar don a kai ga ɗaya gefen, juyin yana kwance ta daga mariƙinta yana murɗe wayar ciki. Mutum ne zai sauka ya matsar da tsani. Sau ɗaya bayan hunturu ya wuce, wajen watan Maris, ya wadatar ga yawancin gidaje.

Ga masallaci ko falo mai tsayin bene biyu, a yi tunanin wankewa tun ranar sakawa. Akwai injin da ake ɓoyewa a sama mai sauko da fitila ƙasa da makulli ko rimot. In kuɗinsa ya yi yawa, a sa a cikin yarjejeniya cewa wanda ya rataya zai riƙa zuwa da gadon ƙarfensa sau ɗaya a shekara, ya wanke, ya canza matattun ƙwai, ya kuma duba ƙugiya da sarƙa, a faɗi kuɗin zuwan tun yanzu.